Jinyar Murya a Kan Soro

Duk shekara idan bazara ta zo ƙarshe, gajimare ya fara taruwa a gabas yana watsewa bai zubar da ko ɗigo ba, nakan rage magana na mako guda. Ba azumi ba ne, ba kuma fushi ba. Ina gaisawa, ina amsa sallama, amma ba na zaman majalisa, ba na jan hira, kuma ruwan ɗumi nake sha komai tsananin zafi. Iyalina sun saba. A tsakaninsu cewa suke Malam ya hau soro, alhali ina zaune a kan tabarma a tsakar gida, gidan ma yanzu rufin kwano ne. Maganar tana da asali, tun shekarun yaƙin basasa.

A lokacin ina karanta labarai a gidan rediyo. Ban yi aure ba, ina zaune da mahaifiyata, wadda muke kira Inna, a gidanmu na gado a Mandawari. Gidan ƙasa ne mai zaure biyu da ɗakuna uku masu rufin soro. Mahaifina ya rasu, yayyena mata duk suna gidajen mazajensu, saboda haka ni ne namijin gida, ko da yake abin da na sani game da gidan bai wuce ƙofar shiga da inda ake ajiye mini tuwo ba.

Aikin nawa, in da agogo za a auna shi, bai taka kara ya karya ba. Minti goma da safe, minti goma da azahar, minti goma bayan la'asar. Sauran lokacin fassara ce, a karɓi labari da Turanci a mayar da shi Hausar da mai faskare zai gane ba tare da ya ajiye gatarinsa ba. Maganar rabin sa'a a yini ba ta kashe muryar kowa. Abin da ya kashe tawa hanyar komawa gida ce.

Da keke nake zuwa aiki, kuma ta Ƙofar Mata nake shigowa birni. Da marina sun hango ni sai wani ya ɗaga hannunsa da shuɗin baba ya rine, dole in sauka. A gaisa tukuna, gaisuwa cikakkiya: ina wuni, ina gajiya, yaya aiki, yaya Inna, yaya zafi, yaya muka ji da wannan hali da ake ciki. Sannan a zo kan magana. Duk sun ji labaran, domin akwai rediyo rataye a jikin rumfarsu, amma mutanen birni sun yi imani cewa mai karanta labarai rabi yake karantawa ya ɓoye rabi a aljihu. In na rantse musu cewa abin da suka ji shi ne abin da aka ba ni, sai su gyaɗa kai su ce lallai yaron nan akwai riƙon amana, to amma tsakaninmu dai. Ƙarshe sai in sake zubo musu labaran da ka, da ƙarfi, saboda ƙarar masu bugun rinannun tufafi da ke gefe.

Daga nan sai teburin mai shayi, sai rumfar maɗinka, sai zauren wani malami abokin mahaifina, sai majalisar dattawa ta bakin masallacin unguwa. Wata rana na ƙirga, sau goma sha ɗaya na sauka daga kan keke tsakanin ganuwa da ƙofar gidanmu. Tafiyar minti ashirin takan ci mini daga la'asar sakaliya har bayan magariba.

Ba zan ce tilasta mini aka yi ba. Gaskiya ne akwai waɗanda 'ya'yansu da ƙannensu ke bakin daga, kuma da wuya mutum ya taka keke ya wuce uban soja. Amma ni ma ina jin daɗin abin. Saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, dattawa masu furfura suna matsa masa wuri a kan tabarma, ana miƙo masa goro, ana yin tsit in ya buɗe baki. In ci goron, in bi da taba sigari, in kora da ruwan randa mai sanyi, in tashi in nufi majalisa ta gaba. Maƙogwarona ya yi wata biyu yana yi mini kashedi, ƙaiƙayi da safe, zafi da yamma. Ban saurare shi ba, domin a lokacin ni ake saurare.

Wata Litinin, a tsakiyar labaran azahar, muryar ta yage kamar tsohon zane. Ina cikin wata doguwar jimla sai na ji rabinta ya fito, rabi ya zama iska. Mai kula da na'ura ya ɗago kai ya dube ni ta gilashi. Sauran minti huɗun da ƙyar na ja su, kamar mai jan jaki a cikin taɓo.

Shugaban sashenmu, wanda shi ya koya mini aikin, mutum ne da ba ya rabuwa da agogon aljihu, ba ya kuma ɗaga murya. Ya tura ni wurin likita. Likita ya leƙa da ɗan madubi, ya ce maƙogwaron ya kumbura, kuma maganin ɗaya ne: shiru na mako biyu, ko raɗa ban da ita, domin raɗa ta fi magana wahalar da wuya. Da na kawo wa shugaba takardar, ya karanta ya ninke, ya ce ya ba ni mako biyun. Ranar Litinin da za su cika, zan shiga ɗakin karatu in karanta masa shafi ɗaya. In murya ta fito tas, kujerata tana nan. In ba ta fito ba, zan koma teburin fassara dungurungum, wani ya hau.

"Ba don ba na ƙaunarka ba ne," in ji shi. "Mai sauraro ba ya zuwa dubiya. Murɗa rediyonsa yake yi."

A hanyar gida marina suka tare ni kamar kullum. Da 'yar guntuwar muryar da ta rage na gaya musu ba ni da lafiya, likita ya ce in kwanta a gida mako biyu. A tunanina na yi dabara, na rufe ƙofar tambaya. Na manta inda aka haife ni. Wanda aikinsa sanarwa ne ya kamata ya san cewa a cikin birni ba a sanar da rashin lafiya sai an tanadi tabarmi.

Washegari da hantsi zaurenmu ya cika. Marina suka zo a ƙungiya, da wankakkun riguna da hannuwan da ba sa wankuwa. Maɗinka suka zo, mai shayi ya rufe teburinsa ya zo, dattawan masallaci suka zo, har da abokan makarantar allo da na shekara goma ban gani ba. Dubiya haƙƙi ce, ba mai cewa a'a. Kuma tana da tsari: a ce yaya jiki, ka ce da sauƙi, a ce Allah ya ƙara sauƙi, ka ce amin, a ce Allah ya sa kaffara ne, ka ce amin, na gode. Mutum ashirin in sun shigo tare, kowa sai ya yi tasa, domin ba a dubiya da wakilci.

Na gwada gyaɗa kai. Malamin nan abokin mahaifina ya dube ni, ya dubi na kusa da shi, ya tambaya a hankali ko ciwon ya taɓa harshe ne, irin wanda ke shanye ɓarin jiki. Dole na buɗe baki na ce a'a, Baba, da sauƙi. Sai na samo kwali na rubuta cewa likita ya hana ni magana, boko a sama, ajami a ƙasa, na jingina a gabana. Mutane suka karanta, suka yaba rubutun, sannan suka ce wane likita, tun yaushe, har shan ruwa ya hana, to yaya ake ciki a bakin daga.

Kowa kuma da maganinsa. Jar kanwa, citta, kanumfari, bagaruwa, man shanu, sassaƙen itatuwan da ban taɓa jin sunansu ba, rubutu kwalba uku daga malamai uku. Wani marini ya rantse da ɗanyen ƙwai. Kowane magani sai an yi bayanin yadda ake shansa, sai na yi godiya, washegari kuma mai shi ya dawo ya ji ko an dace. A kwana uku na yi maganar da ta fi ta mako guda a wurin aiki. Ranar Alhamis da yamma na buɗe baki zan amsa sallama, ba abin da ya fito sai huci. Saura kwana goma sha ɗaya.

Inna ba mai yawan magana ba ce, kuma akwai abu biyu da ba ta yi: ba ta korar baƙo, ba ta kuma cewa mutum ba ya nan alhali yana nan. Ta zauna tana kallona ina jujjuya tuwo a kwano, ta tambaye ni ko na san shekara nawa rabon da a yi wa soron gidan nan yaɓe. Na ɗaga yatsa ɗaya. Ta ce biyu, wannan ta uku. Ta ce maginin da ke yi mana tun zamanin mahaifina ya zo sau biyu bara, sau ɗaya bana, kullum sai in ce masa ya dawo in an kwana biyu. Ta ce daminar da ta wuce da tasa ta yi ta kwana a gefen gadonta tana tarar yoyo. Ban sani ba. Na san sunan kowane ƙauye da aka gwabza a cikinsa can nesa, ban san ɗakin uwata yana zuba ba.

Da sassafe maginin ya iso da jakinsa. Tsoho ne gajere mai faɗin tafin ƙafa, muryarsa kamar ana jan kwano a kan dutse. Inna ta tsaya daga bakin zaure na ciki ta ce masa:

"Malam, ga ɗan aiki na samo maka. Ba ya magana, ba ya gardama, kuma hannunsa biyu. Ka hau da shi."

Magini ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce hannuwa dai ya gani, amma bai ga alamar sun taɓa ɗaukar abin da ya fi takarda nauyi ba. Ya ce in tuɓe agogo.

A cikin birni gidaje manne suke da juna. Wanda ya hau soro yana iya ganin tsakar gidan maƙwabta huɗu ko biyar, inda mata ke daka da wanki ba mayafi. Saboda haka ba namijin da ke taka tsani sai ya yi shela. Zai tsaya a tsakar gida ya ce za a hau sama, a kintsa, har sau uku, ya ɗan jira, sannan ya hau. In ya hau kuma idonsa a kan aikinsa. Magini ya gyara tsayuwa ya yi shelar da muryarsa ta kwano, har kaji suka watse. Ya juyo ya ce mini duniya da abin mamaki take, ga mai yi wa gari guda shela a tsaye, amma tsoho ne ke yi masa tasa.

Da hantsi dabarar Inna ta fito fili. 'Yan dubiya suka yi sallama, ta amsa daga ciki cewa yana sama, ana yaɓe. Suka fito lungu suka ɗaga kai, suka gan ni da gajeren wando, taɓo har gwiwar hannu. Wanda aka gani a kan soro ba a ce masa yaya jiki. Sannu da aiki ake ce masa, ita kuwa sannu da aiki ba ta da jela. Mai aiki ya ɗaga hannu ya isa. Magini ya riƙa amsa mana mu biyu. Kafin azahar labari ya zaga cewa na warke, masu magani bakwai kowa ya ce nasa ne.

Aikin kansa a hankali ake yin sa. Magini yakan bi rufin ba takalmi, yana takawa kamar mai gudun tashin jariri. In ya ji wuri ya yi laushi sai ya tsaya ya zana da yatsan ƙafa, ni kuma in kankare wurin, in share, in yayyafa ruwa. Muka buɗe indararo biyu da ciyawa da sheƙar tsuntsu suka toshe, abin da ya sa ruwa ke kwanciya a kan ɗakin Inna maimakon ya zuba lungu. Muka cike ramuka da ƙasar da aka cuɗa ta kwana. A kanta ake shafa laso, wato katsin da ake kwasowa daga gindin ramin rini, a ƙona, a daka, a haɗa da gashin awaki na majema da ruwan dafara, wani tsiro mai yauƙi. In ya bushe ruwa ba ya ratsa shi. Katsin namu daga Ƙofar Mata aka ɗauko, marina suka ce gudummawarsu ce ta jinya, kuma a cikin duk abin da suka kawo mini shi ne ya fi amfani.

Ni mai gaggawa ne, aikin agogo ya saba mini. Rana ta biyu na ga shafin farko ya yi fari a sama, na ɗebo laso zan ƙara. Magini ya riƙe mini hannu, ya danna wurin da babban yatsa, yatsan ya nutse. Ya ce bushewar fuska ce, ciki ɗanye ne, in na rufe shi yanzu zai tsage kafin ruwa na uku. Muka koma inuwar katanga muna jira. Rabin aikin yaɓe jira ne. Ya ce gidan da ake bi duk shekara shafi ɗaya ya ishe shi, yini biyu an gama, namu da aka bari sai uku. Amma tun daga ranar, duk safiyar da na ji wuyana ya yi sakayau, zuciya ta ce in ɗan gwada kalma ɗaya in ji, sai in tuna yatsan nan yana nutsewa, in ɗauki butata in yi gaba.

Shi kuwa magana ba ta yi masa wuya. Bai taɓa tambayata labarin yaƙi ba. Ya ce shi labarinsa a gajimaren gabas yake, kullum da safe yake karanta shi. Amma ya ba ni tarihin kowane soro da ake hangowa daga namu, wanda ya gina, wanda ya gada, da wanda ya yi rowar laso har ɗakinsa ya zauna a kan buhunan gero. Shekara biyar ina aikin magana, ban taɓa yini ina sauraron mutum ba tare da ina shirya abin da zan ce ba. Ashe akwai hutu a ciki.

Tun da ba a kallon gidajen mutane, sai kunne ya buɗe. Daga sama unguwa tana da tsarinta kamar na gidan rediyo. Daka da safe daga gida uku, kowace taɓarya da takunta. Masu talla. Kiran azahar daga masallatai uku, ɗaya yana riga ɗaya da kamar rabin minti. Sannan lokacin labarai, rediyoyi su buɗe gida-gida, muryar wanda aka sa a madadina ta taso daga ƙarƙashina ta ko'ina. Ranar farko na kama masa kuskure huɗu, na ƙirga su da yatsu masu taɓo. Rana ta uku, biyu. Rana ta biyar na daina ƙirgawa, domin gaskiya mutumin ya iya, numfashinsa ma ya fi nawa tsawo. Na ji zafin abin na kamar sa'a guda. Daga baya wani sanyi ya biyo, da na gane ana iya yin azahar a Kano ba da ni ba.

Sauran jinyar Inna ce ta ɗauka. Ta ɓoye tabar, ba ta ce ta ɓoye ba, ni kuma ba bakin tambaya. Goro ya ɓace daga gidan. Ruwan randa ta hana, sai na ɗumi a buta, a cikin zafin da ko jaki neman inuwa yake. Magungunan 'yan dubiya ta jera su a gindin katanga, ta ce duk na alheri ne amma ciki ɗaya gare ni. Rubutun kawai ta ba ni, ta riƙa bi da zuma cokali ɗaya safe da yamma. In na sauko nakan cinye tuwo malmala biyu, in yi isha'i in kwanta, ban san inda kaina yake ba sai asuba. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta.

Zumar nan na ɗauka Inna ce ta saya. Sai a rana ta shida na ji asalinta. Bayan katangarmu akwai wata tsohuwa, ƙawar Inna tun suna amare, wadda autanta ya shiga soja tun farkon yaƙin. Ba ta taɓa aikowa a tambaye ni labari ba. Ina sama ina shafi, na ba gidanta baya, na ji suna magana da Inna ta kan katanga kamar yadda suka saba. Inna ta yi mata godiyar zuma, ta kuma tambaye ta me ya sa jiya aka dawo da tuwon da ta aika mata ba a taɓa ba. Tsohuwar ta ce ba ta jin cin abinci tun da aka canja mai karatu. Ta ce ita sunayen garuruwan nan ba ta san su ba, ba ta san wanne ke kusa da wanne ba, ba ta ma san a wanne ɗanta yake ba. Numfashina take saurare.

"Yaron nan naki a bayana ya sha yin barci, Yaya," ta ce. "Na san muryarsa in ya tsorata, na san ta in ya yi ɓarna. In ya karanta a natse sai in ci tuwona. Wannan sabon kuwa ban san shi ba, daɗi yake faɗa ko akasi, duk ɗaya nake ji."

Na tsaya da laso a hannu har ya fara ɗiga a ƙafata. Wata da watanni ina rabar da muryata a majalisu goma sha ɗaya, ga mutanen da sun riga sun ji labarin. Wadda take cin abinci da ita kuwa tana bayan katanga, ba ta taɓa neman ƙarin kalma ɗaya ba. Magini ya ce in ba zan shafa ba in ba shi, laso ba ya jiran mai tunani.

Ranar Asabar, saura kwana biyu a gwada ni, aiki ya rage kusurwa ɗaya, daidai kan gadon Inna, shafi na ƙarshe. Magini ya aiko cewa an yi rasuwa a unguwarsu, sai bayan jana'iza zai zo. Da azahar gabas ta haɗe ta yi baƙi, iska ta tsaya cak. Laso yana nan a cuɗe, tsani yana jingine, aikin kuma na san shi. Abin da ya rage shela.

Na dubi Inna, na nuna mata sama, na nuna bakinta. Ta ce shekara arba'in tana gidan nan ba a taɓa jin muryarta a gida na uku ba, ba kuma yau za a fara ba. Shela ta mai hawa ce. Na tsaya a gindin tsani ina auna abin. Likita ya ce kwana goma sha huɗu, ni takwas na yi cikakku, ukun farko 'yan dubiya sun cinye. In na buɗe baki ta yage, na san Litinin teburin fassara zan nufa. In na yi shiru, ruwa zai sami kusurwar a buɗe, tasa ta koma gefen gado. Hawa ba shela kuwa ko a zuciya ban kawo ba.

Na kurɓi ruwan ɗumi. Na tuna abin da shugaba ya koya mini a makona na farko, wanda na watsar a majalisu: ba daga wuya ake turo murya ba, daga ciki ake ɗauko ta, kuma wanda ya furta kalma sosai ba ya bukatar ihu. Na ja numfashi na ce, "Jama'a, za a hau sama. A kintsa."

Ta fito. Ta yi ƙasa fiye da yadda na san ta, da ɗan kaushi a gindinta, amma ba ta yage ba. Na maimaita sau biyu, kowanne ya fi na baya. Taɓaryar da ke daka a gidan kudu ta tsaya. Sai muryar tsohuwar ta taso daga bayan katanga.

"Yaya, ashe ɗanki ya warke. Ce masa ya hau, mu mun kintsa tun ba a haife shi ba."

Dariya ta tashi a gida biyu ko uku. Na hau na shafe kusurwar, ban ƙara cewa uffan ba. Hadarin, bayan duk wannan barazana, iska ya yi da ɗan yayyafi ya wuce yamma. Magini ya iso bayan la'asar, ya yi tasa shelar, ya hau ya danna aikina da yatsa. Ya ce a karkace yake, amma ruwa ba ya duba kyau. Ruwan gaske sai ranar Lahadi da yamma ya sauka. Inna ta ɗauko tasarta ta ajiye a gefen gado, ta ce ba don ba ta yarda da mu ba, sabo ne. Muka zauna a bakin ƙofa muna jin indararo biyu suna kwarara a lungu. Da aka ɗauke, ta leƙa tasar, ta kife ta.

Ranar Litinin na isa wurin aiki da wuri. Shugaba ya ba ni shafi ɗaya a kan cinikin gyaɗa, ya zauna bayan gilashi, agogo a tafin hannu, ido a rufe. Na karanta. Da na gama ya shigo ya ce na ƙara daƙiƙa goma sha biyar a kan yadda na saba, muryar kuma ta sauka. Na ce zan yi ƙoƙari in mayar da ita yadda take. Ya ce kada in kuskura, da ma karatu nake kamar an biyo ni. Amma ba zai mayar mini da duka ukun ba. Na safe da na azahar za su zauna a hannun wanda ya riƙe, ni in ɗauki na bayan la'asar, sai an ga yadda damina ta yi. Mako biyu kafin nan da wulaƙanci zan ɗauki wannan. Ran nan na ce na gode, kuma har zuciya. Ya dubi tafin hannuna, ya tambaya ko noma likitan ya rubuta mini.

Majalisu kuwa na yi musu tsari. Na ce duk mai son hira ya same ni a Ƙofar Mata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sauran ranaku sai ɗaga hannu daga kan keke. An yi gunaguni, an ce boko ya fara hawa masa kai, bayan wata guda aka manta. Taba ban sake komawa ba. Goro na koma, amma ɓari ɗaya. Magini kuma ban sake ce masa ya dawo in an kwana biyu ba. Duk ƙarshen bazara nakan ɗauki hutu mu hau tare, har shekarar da ƙafarsa ta daina yarda da tsani. Ɗan tsohuwar ya dawo bayan yaƙi, a rame amma da ƙafafunsa, ya buɗe gyaran keke a bakin lungu.

Yanzu ba soron, ba maginin, ba Inna, Allah ya ji ƙansu. Makon dai yana nan. In ya zo nakan bi kaina yadda tsohon nan ke bin rufi, a hankali, in ji inda ya yi laushi. Wata shekara haƙori ne da na yi ta ɗagawa, wata shekara ɗan'uwa ne da na daɗe ban taka gidansa ba. Nakan kuma tambayi kaina wa ke aiko mini da zuma bana ban sani ba, in na gano shi in je in yi godiya.

Amma abin da na fi tunawa yammacin Litinin ɗin nan ne. Na karanta labaran bayan la'asar, na farko bayan mako biyu. Ba su fi na kullum daɗi ba, yaƙi yana nan inda na bar shi. Ban ƙara ba, ban rage ba, na dai karanta su a natse. Na iso gida kafin magariba, abin da na manta rabona da shi, na tarar da Inna tana kankare tukunya. Ta ce yau sai dai in yi haƙuri da malmala ɗaya, an aiko daga bayan katanga a ƙaro tuwo.